Buhun da Aka Ninke Gida Uku

Asabar, 2 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

Jiya muka binne mijina Florival. Yau randunan giyarsa shida suna ta tafasa, ko a jikinsu.

Littafin nan nasa ne. A ciki yake rubuta ranar da ya zuba inabi a kowace randa, da ranar da ta farka. Rubutunsa ya tsaya ranar Lahadin da ta wuce: "Kwana uku ke nan, duk suna barci. Sanyi ya yi yawa." Na tsallake shafi biyu kafin na fara nawa, don hannuna ya ƙi matsawa kusa da nasa.

Shekara talatin da huɗu muna tare, ban taɓa ganin ya zuba wa giyarsa yis na kanti ba, ko farar wuta, balle ya sayi injin sanyaya ɗaki. Inabi, randar ƙasa, sai jira. In ta ga dama ta farka a kwana biyu, in ta ga dama a kwana biyar, shi kuwa ya yi ta zarya a tsakar gida yana ƙunƙuni kamar mai jiran haihuwa. Bana da ta tashi farkawa ba ta sanar da kowa ba.

Giya ba ruwanta da makoki. Sau biyu a rana sai an hau tsani an danna ɓawon inabin da ke tasowa da doguwar muciya, in ba haka ba ya toshe bakin randa ta fashe. Maƙwabcinmu Kawu Baltazar ne ke yi tun ranar Talata, da shekarunsa saba'in da tara da gwiwarsa mai ƙara. Shi ne ya tsinci gawar Florival. Ni kam ban sake taka matakalar ɗakin randunan ba, ba kuma zan taka ba.

'Yarmu Telma tana ɗakinta na da. Ta ɗauki hutu a wurin aikinta a Lisbon, ta ce ba za ta koma ba sai an buɗe giyar babanta ranar bikin waliyyi São Martinho, yadda ake yi kowace shekara. Saura kwana arba'in.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Kafar da ke gindin bangon ɗakin randuna a buɗe take. Na zagaya ta bayan gida na duba.

Litinin, 4 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Telma ta ce ita za ta karɓi muciya. Na tsaya daga waje, a bakin ƙofa, ina jin su.

"Tsaya, 'yar nan," in ji Kawu Baltazar. "Ina za ki afka haka kamar akuya ta ga lambu? Ƙofa tukuna, a wangale, ki ƙirga ɗari. Sannan kyandir."

Ya kunna, ya maƙala a bakin sanda, ya sauke shi ƙasa-ƙasa daidai idon sawu. Wutar ta yi rawa, amma ba ta mutu ba.

"In ta mutu, ki fito a guje, ko takalmi kar ki tsaya ɗauka. Numfashin giya nauyi gare shi, ƙasa yake kwanciya, ba wari ba launi. Shi ya sa kakanki ya huda waccan kafar a gindin bango, don ya riƙa tsiyayewa waje."

"Na sani, Kawu. A gidan nan aka haife ni."

"An haife ki a nan, amma hannun nan ya zama na Lisbon. Riƙe da kyau, ba alƙalami ba ne."

Ta kusa yin dariya, sai ta fasa. Ta ce, "Baba ya fi kowa sanin wannan. Me ya hana shi kunna kyandir?"

"Ran Lahadi barci suke yi. Ran Litinin yana gonar ɗan'uwansa yana taya su tsinkar inabi, bai leƙo ba, ɗakin ya kwana biyu a rufe. Da ya shigo ran Talata da sassafe ya ɗauka barcin suke har yanzu. Kin san kunnensa ɗaya ya daɗe da mutuwa, bai ji tafasar ba. Ya durƙusa zai share ɓarawo, shi ke nan."

Ɓarawo ita ce tukunyar da aka binne a tsakiyar daɓe, don ta tare giya in randa ta fashe. A gefenta aka same shi, da tsumma a hannu.

"To kafar fa, Kawu? An ce a toshe take."

"Danna, danna! Ɓawon nan ba zai jira surutunki ba."

Na koma kicin. Sau biyu na sa wa miya gishiri.

Alhamis, 7 ga Oktoba, ƙarfe uku na rana

Perpétua, wata 'yar garinmu, ta zo da tukunyar wake da kabeji. Matar nan ba ta taɓa kawo wa mutum abinci ba tare da magana a ƙarƙashin murfin ba.

"Idalina, 'yar'uwa, ni fa ba na cikin masu faɗa. Amma kin san bakin garin nan."

"Me bakin garin ya ce?"

"Wai mutumin da ya shekara arba'in yana giya ba zai cusa buhu a kafa a makon tafasa ba, sai dai in... kin gane dai. Kamar mijin Custódia da igiyar rijiya. Wai dama kwanan nan ya yi shiru-shiru."

"Shiru? Florival? Mutumin da ke gardama da rediyo?"

"Ni ma haka na ce musu, na rantse miki."

Da na juya sai na ga Telma a bakin ƙofa, hannuwanta shuɗi-shuɗi da inabi har gwiwar hannu. Ta ji komai. Ta wuce ta wanke hannu, ta daɗe tana wankewa.

Na mayar wa Perpétua tukunyarta da waken a ciki, na ce mun ƙoshi. Na yi fushi sosai, amma fushin bai kai inda ya kamata ya kai ba. Magana ɗaya ce tal za ta rufe bakin garin nan kaf, kuma a bakina take.

Juma'a, 8 ga Oktoba, da safe

A buɗe take. Na duba sau uku.

Lahadi, 10 ga Oktoba, ƙarfe ɗaya na rana

Telma ta tafi coci. Ni na ce kaina ke ciwo. Fada ya yi addu'ar binnewa yadda ake yi wa kowa, amma ba zan iya zama a benci ina jin idanu a ƙeyata ba.

Gidan ba kowa sai ni. Wajen ƙarfe sha ɗaya na ji muciya tana buga gindin randa. Sau uku, a huta, sau uku, a huta. Haka Florival yake yi, Kawu Baltazar kuwa bibbiyu yake bugawa. Na leƙa ta taga. Ƙofar ɗakin a kulle, makullin yana rataye a ƙusarsa a kicin, kusa da hularsa.

Na san giya ce ke motsi. Randa takan yi ƙara in iska ta fasa ɓawo, na sani sarai, shekara talatin da huɗu ina jin ta. Duk da haka na zauna a kan keken ɗinki na yi ta taka shi ba zare ba ƙyalle, har Telma ta dawo.

Alhamis, 14 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Noémia ta zo daga Lisbon. Ita ce yarinyar da ke da ƙaramin shagon giya, wadda ke bin ƙauyuka da tsohuwar motarta tana neman irin su Florival, masu randa shida da taurin kai goma. Shekara huɗu da suka wuce ta ɓace hanya ta faɗo gidanmu. Ta ɗanɗana, ta tambaye shi me yake sawa a ciki. Ya ce, "Haƙuri, sai zagi kaɗan." Tun daga ranar giyarsa ke zuwa teburin mutanen da ba su taɓa jin sunan garinmu ba, yana ta yi musu dariya wai suna shinshina kofi kamar karnukan farauta.

Ta zauna a kicin tana kuka, na ba ta burodi da cuku da zaitun.

"Inna Idalina, ran Litinin, ana gobe zai rasu fa, ya kira ni da yamma. Yana ta murna wai ɗan'uwansa zai bar masa tsofaffin kuringar farin inabi na kan tudu, baɗi zai cika randa ta bakwai. Ya ce in tanadi wuri a kantar shagona."

Na dubi Telma. Na so ƙwarai maganar nan ta shige ta, don ta yi mini aikin da na kasa.

Telma ta ce, "Mutane suna dariya har ranar ƙarshe, Noémia. Na karanta a kai."

Ta karanta a kai! Ashe abin da take yi da wayarta ke nan a ɗaki.

Kafin Noémia ta tafi ta ce in mun ga giyar za ta lalace, ba wanda zai zarge mu in muka sa farar wuta kaɗan bana. Telma ta ce ko ƙwayar ƙura ba za ta shiga ba, yadda ya bar ta haka za ta fito. Muryar babanta ce sak, har da ɗaga haɓar.

Asabar, 16 ga Oktoba, tsakar rana

Ta ci cokali uku ta ture kwano. Wandonta ya fara zamewa, na ce ta kawo in rage mata, ta ce in bar shi.

Talata, 19 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

Kawu Baltazar ya jira Telma ta fita sayen man zaitun, sannan ya shigo kicin da abu a hammata. Ya ajiye a kan tebur. Buhun algarara ne, an cukuikuye shi.

"Na gidan nan ne," ya ce. "Da jandarmomi suka tambaye ni na ce kafa a toshe na same ta, na zare. Ban yi ƙarya ba."

Na ce na gode. Na miƙa hannu zan ɗauke, hannuna bai san lokacin da ya shimfiɗa shi a kan tebur ba, ya ninke gefe, ya ninke ɗaya gefen. Gida uku, yadda nake ninke zanen gado. Sai da na gama na ga yana kallon hannuna.

"Haka na same shi," ya ce a hankali. "Kuma ta waje aka cusa shi. Na san Florival tun yana yawo ba wando, Idalina. Bai taɓa ninke komai ba a rayuwarsa, ko takardar asibiti dunƙule ta yake yi."

Na janye hannuna daga kan buhun.

"Ni na tsufa, bakina ya saba da rufuwa, zan iya tafiya da ita kabari. Amma yarinyar nan tana ƙarewa a gabanmu. Ba na son in sake tsintar kowa a gidan nan."

Ya ɗauki sandarsa ya fita. Na sa buhun a ƙasan akwatin ɗinki.

Laraba, 20 ga Oktoba

Ban duba ba sai azahar. Da na tuna na fita a guje ba takalmi. A buɗe take.

Lahadi, 24 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Randuna sun yi shiru. Ɓawon ya nutse ya kwanta a gindi, shi ne muke kira uwa, ta cikinsa giyar za ta tace kanta ranar buɗewa. Telma ta hau tsani ta zuba wa kowace man zaitun kaurin yatsa a samanta, don kada iska ta taɓa ta. Yanzu ba sauran aiki sai jira.

Na ɗauka in tafasar ta tsaya zan samu sauƙi. Ina! Da can ina cewa giya ce ke motsi. Yau da hantsi ina shanya na ji sau uku, a huta, sau uku, ga shi ba abin da zan ɗora wa laifi.

Ina kewarsa. Ina kewar mitarsa da warin tabarsa da yadda yake shigo mini kicin da taɓo. Da zai shigo yanzu ya zage ni tas, da na ji daɗi.

Laraba, 27 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Muna ɓare tafarnuwa. Ba ta ɗago kai ba ta fara magana.

"Mama, akwai abin da ba ki sani ba. Mako guda kafin ya rasu ya kira ni. Maganar kullum, wai in dawo gida in koyi randa tun yana da ƙarfi, ba shi da wanda zai bar wa. Na gaji daga aiki, raina a ɓace. Na ce masa ba zan binne kaina a ƙauye saboda tukwane shida ba. Na ce in ya ga dama a binne shi da su."

Ta ajiye wuƙar.

"Ya ce to, sai anjima. Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Ni na kashe shi, Mama. Kowa yana tambaya me ya sa, ni na sani."

Ta ɗago ta dube ni. 'Yata, wadda na goya, tana jiran in ce wani abu. Na buɗe baki zan faɗa mata. Sai na ga yadda fuskar nan za ta koma in ta ji, na ga ta ɗauki jaka ta fita ba waiwaye, na ga kaina a gidan nan ni kaɗai da randuna.

Na ce, "Kar ki faɗi haka. Tashi ki ci abinci."

Abin da na ce ke nan. Na rubuta shi a nan don kada gobe in yi wa kaina kwaskwarima.

Alhamis, 28 ga Oktoba

Gobe.

Asabar, 30 ga Oktoba

Gobe.

Talata, 2 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Ranar matattu. Da safe muka je maƙabarta da bokiti da furanni, muka wanke dutsensa. Matan gari suna gaishe mu da irin muryar da ake yi wa gidan da abin kunya ya faɗa wa. Perpétua ta rungume Telma ta ce, "Allah shi ne mai gafara, 'yata, ko me mutum ya yi." Na so in kwaɗa mata bokitin.

Bayan azahar na neme ta a ɗaki, ba ta nan. Makulli ba ya ƙusa. Na fita, ƙofar ɗakin randuna a rufe, an turo ta daga ciki.

Ban san yadda na ƙetare tsakar gida ba. Na banke ƙofar ina kiran sunanta. Tana zaune a ƙasa a gefen ɓarawo, daidai wurin, ta haɗa kai da gwiwa.

"Ba komai, Mama," ta ce. "Sun daina numfashi tun tuni, kin sani. So nake kawai in ji yadda ya ji."

Ina tsaye a matakala ta farko, ƙafata ta ƙi ta biyu. Na ce ta fito. Ta fito, ta wuce ta gefena, jikinta ba nauyi ko kaɗan.

Bana sun daina numfashi. Baɗi fa?

Lahadi, 7 ga Nuwamba, ƙarfe takwas na safe

Tsoro biyu nake ji, kullum ina auna su. Ɗaya ta tsane ni ta tafi. Ɗaya ta zauna tana ƙaunata tana narkewa. Kunya ta ishe ni da na ga tsawon lokacin da na ɗauka ina aunawa, kamar akwai abin aunawa a ciki.

Na ciro buhun daga akwati.

Laraba, 10 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

An share tsakar gida, an jera benci. Kawu Baltazar ya jiƙa famfon katako a ruwa don ya kumbura. Na tsaga kastanya, 'ya'yan itacen da ake gasawa a bikin, kwando biyu, na yanka yatsa. Noémia za ta zo, rabin gari ma za su zo, wasu don giya, wasu don kallon fuskarmu.

Telma ta goge randuna da tsumma, ta bar rubutun allin babanta a jikinsu. Yau ruwan shayi kawai ta sha.

Alhamis, 11 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai na yamma

Zan rubuta shi bi da bi.

Ƙarfe takwas na safe Kawu Baltazar ya huda toshiyar randa ta farko, Telma ta buga famfo. Farkon zubowa gurɓatacciya ce, ana tarewa a kwano a mayar ta sama, har uwa ta tace ta ta fito garau. Da ya hango ni da buhu a hannu sai ya ce gwiwarsa na son rana, ya fita ya ja ƙofa rabi.

Na sauka. Matakala uku ce kacal, na ƙirga su. Ɗakin yana warin ƙaro da kakin zuma da shi.

Na ce, "Telma, dubi nan."

Ta dubi buhun, ta dube ni.

"Ni ce na toshe. Ran Lahadi da yamma babanki yana ta mita wai sanyin da ke shigowa ta ƙasa ne ya hana su farkawa. Bai ce in yi komai ba, mita ce kawai irin tasa. Na tashi daga kan keke na ɗauki buhun nan na zagaya na cusa. So nake su ji ɗumi su farka, ya wayi gari ya yi murna, in ce masa ka ga, tela ma ta iya giya. Na ce da safe zan cire. Da safe aka kawo mini rigar biki a rage, na shagala. Na manta, Telma. Bai san da buhun ba. Bai san komai ba."

Giyar tana ɗiga a kwano, ba abin da ake ji sai ita.

"Ke nan ba da gangan ya yi ba," ta ce.

"Ba da gangan ba."

"Ke nan ba don ni ba ne."

"Ran Lahadin nan ma sai da ya yi zancenki a kan abinci. Ya ce, bar ta, taurin kaina ta gado, da ƙafarta za ta dawo. Yana faɗa yana dariya."

Ta dafa randa, ta kifa goshinta a jikinta, ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ranar binnewa. Na matsa zan taɓa ta, ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

"Buhun ban riƙe ki da shi ba, Mama. Kowa yana mantuwa, shi ma da yana nan da ya zage ki ya wuce. Amma na zauna a gabanki na ce miki ni na kashe ubana. Kika dube ni, kin sani, kika ce in tashi in ci abinci. Mako biyu ke nan."



Da hantsi mutane suka cika tsakar gida. A al'ada mai gida ne ke ɗaga kofin farko, sai Telma ta ɗaga. Kafin ta buɗe baki na miƙe na faɗa musu da ƙarfi, yadda har kurman bayan benci zai ji: Florival bai kashe kansa ba, ni na toshe kafar don randuna su ji ɗumi, na manta ban cire ba. Perpétua ta kama baki. Ba wanda ya motsa, sai kastanya da ke fashewa a wuta.

Kawu Baltazar ya buga sandarsa a ƙasa. "To, an ji. Wanda bai taɓa mantuwa ba ya tafi gida. Sauran a miƙo kofi, giyar mutumin nan tana jira."

Ba wanda ya tafi. Daga baya maza suka dafa kafaɗar juna suka yi waƙa a hankali, irin wadda yake so. Noémia ta kurɓa, ta rufe ido, ta ce bai taɓa yin kamarta ba. Na ɗanɗana ni ma. Launin zuma gare ta, ga ɗan ɗaci a ƙarshe. Ta yi kyau ƙwarai, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, don ɗumin da na ba ta ya karɓe ta.

Telma ba ta sake dubana ba duk yinin.

Juma'a, 12 ga Nuwamba, ƙarfe tara na safe

Ta bi motar ƙarfe bakwai. Ina jin ta tana haɗa kaya, ban fito ba, ita ma ba ta ƙwanƙwasa mini ba. Ban san ranar da za ta kira ni ba, ban ma san ko za ta kira ba.

Da na shiga kicin na tarar da tukunyar miyar burodi da tafarnuwa da na bari jiya, an sharce ta tas har gindi. Rabin cukun ma babu, ga ɓawon ƙwai biyu a kan tebur. Na tsaya ina kallon tukunyar nan ina kuka kamar wata sakarya.

Sai da na je rataye tawul na lura da ƙusa. Hularsa tana nan. Makullin ɗakin randuna ne babu, ta tafi da shi.

Tun safe nake kasa kunne, ban ji muciya ba. Bari in je in wanke tukunya.